Takardar sikanin da ta hana ni barci

Cikina yana da mako 32 a ranar da ungozoma ta ɗora tef daga ƙashin marata zuwa saman mahaifa, ta auna, ta sake aunawa, sannan ta rubuta 28 a katina ta ja layi a ƙarƙashinsa. Na san ƙa'idar wannan awo tun a cikina na fari: daga wajen mako 24 zuwa sama, tsawon ciki a santimita yakan yi kusan daidai da adadin makonninsa, da bambancin santimita biyu ko uku sama ko ƙasa. Nawa ya gaza da huɗu. Sai ta ce, "Hajiya, ba wani abu ba ne, amma gara a yi sikanin mu ga girman yaron." Duk macen da ta saba zuwa awo ta san cewa idan aka fara mata magana da "ba wani abu ba ne", to a nan ne gabanta ke fara faɗuwa.

A ɗakin sikanin, mai ɗaukar hoton ya shafa mini man nan mai sanyi, ya yi ta yawo da kan na'urar a cikina bai ce uffan ba. Yakan tsayar da hoton, ya dasa wasu 'yan alamomi a gefe da gefe, ya zana da'ira, ya goge, ya sake zanawa. Na ji bugun zuciyar yaron sarai, na kuma ga ya ɗaga hannu, amma idona yana kan fuskar mutumin, ina neman abin da yake ɓoye mini. Da ya gama sai ya miƙo mini takarda ya ce in kai wa likita, likitar kuwa sai bayan kwana huɗu zan gan ta. Har gobe ina ganin wannan tsari bai dace ba. Bai kamata a damƙa wa mai ciki takarda cike da lambobi game da ɗan da take ɗauke da shi, a sallame ta ba tare da ko jimla biyu ta bayani ba, domin ba ajiye ta za ta yi ba, karantawa za ta yi, kuma da tsoro za ta karanta.

Tun kafin in bar harabar asibitin na buɗe ta. An jera wasu haruffa: BPD, HC, AC, FL, sai EFW a ƙasa. Daga baya na san cewa na farko faɗin kan yaro ne daga gefe zuwa gefe, na biyu zagayen kansa, na uku zagayen cikinsa, na huɗu tsawon ƙashin cinyarsa, na ƙarshe kuma ƙiyasin nauyinsa. A gaban kowanne an rubuta awon da aka samu, tare da makonnin da awon ya yi daidai da su. Kai ya nuna mako 32, ƙashin cinya ya nuna 31, cikin yaron kuwa ya tsaya a wajen mako 30. Nauyi giram 1,600 ne, a gefensa an sa lamba 9 da alamar kashi cikin ɗari, can ƙasa kuma na'urar ta fitar da sabuwar ranar haihuwa wadda ta wuce wadda na sani da kwana shida. Abin da na fahimta a lokacin shi ne ɗana ya yi baya da mako biyu, kuma maki tara kacal ya samu cikin ɗari, kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa warwas.

A daren nan barci ya ƙaurace wa idona. Na ɗauki waya na shiga intanet, kuma duk shafin da na buɗe sai ya miƙa ni ga wanda ya fi shi muni, daga ƙarancin nauyi zuwa tawayar girma, daga nan zuwa haihuwar bakwaini, daga nan zuwa mutuwar ɗa a ciki. Masu iya magana suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na ɗaura wa kaina shi da hannuna. Zuciya ta shiga saƙa da warwara tana neman inda na yi laifi. Na tuna watannin laulayi da abinci ba ya zama mini a ciki, na tuna ranakun da na manta ban sha maganin ƙarin jini ba, na tuna yawan tsayuwar da nake yi a wurin aiki. Da safe na kira mahaifiyata, ta ce, "Ke dai ba kya cin abinci ne, ki dage ki ci, yaro zai yi ƙiba." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma maganar ta sauka daidai kan ciwon da nake ji, wato zargin cewa ni ce na hana shi girma. Maigidana ya ce tunda yana motsi in bar wa Allah mu jira likita, na kuwa ji haushinsa, musamman da yake ba ni da abin da zan musa masa da shi.

Likitar ba ta fara da takardar da ta tayar mini da hankali ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Hajiya, ina hoton farko, wanda aka yi miki tun cikin yana ƙarami?" Allah ya sa ina tafe da shi, na mako 11 ne. Ta bayyana mini cewa a watanni uku na farko 'yan tayi suna girma kusan bai ɗaya, don haka tsawon ɗan tayi daga tsakar ka zuwa mazaunai yana nuna kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce kwana biyar zuwa bakwai ba. A watanni uku na ƙarshe kuwa kowane yaro ya riga ya kama tasa hanyar, wani dogo wani gajere, wani mai jiki wani siriri, shi ya sa ƙiyasta kwanakin ciki da sikanin a wannan lokaci na iya kaucewa har da mako uku. Ta ɗauki biro ta soke sabuwar ranar haihuwar. Ta ce makonnin da ke gaban kowane awo ba kwanakin yaron suke faɗa ba, abin da suke nufi kawai shi ne awon ya yi daidai da matsakaicin awon yaran wancan makon. Ashe ɗana bai yi baya da mako biyu ba. Mako 32 yake da shi, sai dai cikinsa siriri ne.

Sannan ta faɗi wata magana da ban taɓa kawowa a raina ba duk da cewa a fili take: na'urar sikanin ba sikeli ba ce, ba ta taɓa ɗaga yaro ta ji nauyinsa ba. Sauti take aikawa wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, ya daki ƙashi da tsoka ya dawo, kwamfuta ta haɗa hoto da amsa-kuwwarsa. Tun 1958 da Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo na Sikotland suka wallafa aikinsu kan duba cikin mutum da wannan sauti, hoton ya yi ta ƙara kyau, amma nauyi har yau lissafa shi ake yi. Ana ɗaukar awon kai da na ciki da na ƙashin cinya a zuba su cikin wani tsarin lissafi, wanda aka fi amfani da shi kuwa shi ne na Frank Hadlock da abokan aikinsa a birnin Houston na Amurka, na shekarar 1985. Ko a hannun gwani, ƙiyasin na iya saɓa wa ainihin nauyi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kwanciyar yaro tana shafar awon, haka yawan ruwan da yake ciki, da kaurin fatar cikin uwa, da inda mai hoton ya dasa alamarsa. Ta ce a girma irin na ɗana, kuskuren santimita ɗaya tak a zagayen ciki yana iya sauya nauyin da kusan giram 100.

Na yi lissafin da kaina a gabanta. Idan kuskuren kashi 10 ne, to giram 1,600 na iya zama 1,760, na kuma iya zama 1,440. Na yi saurin kama babbar lambar ina murmushi, sai ta ce, "A'a, Hajiya, ki riƙe duka biyun. Kuskure ba ya zaɓar ɓangaren da muke so." Wannan magana ce ta sa na amince da ita fiye da duk wata kalmar lallashi da za ta iya yi mini.

Lamba 9 ɗin ma ba maki ba ce. Ta ce in ɗauka an kawo yara ɗari masu mako 32 an jera su daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, ɗana shi ne na tara a jerin, takwas suna ƙasa da shi, sauran suna sama. Likitoci sun ja layi a kan na goma, duk wanda ya faɗo ƙasa da nan ana kiransa ƙarami bisa kwanakinsa, kuma ana sa masa ido. To amma a kowane jeri dole a samu na tara, kamar yadda dole a samu na casa'in, kuma da yawa daga cikin yaran da ke ƙasa da layin lafiyarsu ƙalau, ƙaramin jiki ne suka gada. Ta dube ni, ta tambayi tsawon maigidana, ta tambayi nauyin 'yata ta fari a ranar haihuwa. Ni ba doguwa ba ce, shi ma haka, yarinyar kuma kilo 2.7 ta zo da shi a cikakkun watanninta, ga ta nan yanzu ba ta zama wuri ɗaya. Likitar ta rubuta wannan a kati, ta ce yana da muhimmanci, amma bai isa ya rufe maganar ba.

Da na koma gida na sake karatu, wannan karon da tambaya takamaimiya a hannuna, sai na gano cewa shi kansa jerin yara ɗarin ba guda ɗaya ba ne a duniya. Jadawalin Hadlock na 1991, wanda na'urori da yawa ke ɗauke da shi, an gina shi ne a kan mata 392 a Amurka, yawancinsu fararen fata masu matsakaicin hali. A 2014 wani babban bincike mai suna INTERGROWTH-21st, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oksfod, ya bi mata a ƙasashe takwas, ciki har da Kenya da Indiya da Birazil da Sin, ya kuma yanke cewa idan uwa tana da lafiya da wadataccen abinci, 'yan tayi suna girma kusan iri ɗaya ko'ina. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jadawalin daga ƙasashe goma, ta ga bambanci na gaske tsakaninsu, jariran Norway suka fi nauyi, na Indiya suka fi ƙanƙanta. Masana ba su gama wannan muhawara ba. Abin da ya shafe ni a ciki shi ne yaro ɗaya mai nauyi ɗaya na iya faɗawa ƙasa da layi a wannan jadawali ya haye shi a wancan, alhali ni na kwana huɗu ina kuka a kan lambar kamar an saukar da ita daga sama.

Duk da haka ba zan so wata mai ciki ta karanta wannan ta ce ashe takardar banza ce ba, domin likitar ba ta ɗauke ta da wasa ba. A cikin ƙananan yaran nan akwai waɗanda ba gado ne ya sa suka ƙanƙance ba, abinci da iskar numfashi ne ba sa isar musu yadda ya kamata, kuma mafi yawan lokaci matsalar daga mabiyiya take. Hawan jini yana kawo haka, haka shan taba, da wasu cututtuka da uwa kan kamu da su kamar zazzaɓin cizon sauro, da cikin tagwaye, wani lokaci kuma matsalar daga halittar yaron take. Irin wannan yaro jikinsa yakan yi dabara, ya karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya ya rage wa sauran sassa, sai kai ya ci gaba da girma yayin da hanta da kitsen ciki ke raguwa. Shi ya sa zagayen ciki ne awon da ya fi saurin tona asiri, kuma shi ne ya gaza a takardata. Waɗannan yara su ne ke cikin haɗari idan ba a gano su ba, duk wannan sa ido kuma domin a tsamo su daga cikin masu ƙaramin jiki na gado ake yin sa.

A ranar da na ga likitar aka sake kwantar da ni aka yi awon gudun jini a igiyar cibiya, wanda ake kira Dofla, da sunan Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya da ya bayyana ƙa'idarsa a 1842. Wannan awo yana nuna ko jini na ratsa mabiyiya cikin sauƙi ko kuwa da ƙyar yake wucewa. Nawa ya fito daidai. Ruwan da yaron ke ciki ma ya wadata, wanda alama ce ta cewa ƙodarsa na samun jini yana fitsari. An auna jinina bai hau ba, an duba fitsarina ba a ga furotin ba, wanda shi ake nema idan ana zargin hawan jinin nan mai kai mai ciki ga jijjiga. Sai a lokacin na sauke ajiyar zuciya.

Na roƙe ta a maimaita sikanin bayan mako ɗaya, ta ƙi. Ta ce girman da yaro zai yi a kwana bakwai bai fi kuskuren na'urar ba, idan aka auna da wuri za a iya ganin kamar ya tsaya alhali yana girma, ko kamar ya yi tsalle alhali yana nan inda yake. Aƙalla mako biyu ake bari tsakanin awo da awo, ita kuma uku ta fi so. Awo ɗaya ɗigo ne kawai a takarda, sai an samu na biyu ake iya jan layi a ga inda ya dosa. Na fahimci hujjar sarai, amma fahimta ba ta rage tsawon kwana ashirin da ɗaya ba.

Abin da ya fi yi mini wuya a waɗannan makonni shi ne yarda da cewa babu wani abin kirki da zan iya yi in ƙara masa nauyi. Na tambayi likitar game da maganar mahaifiyata, ta ce in ci abinci mai gina jiki kamar yadda ake so kowace mai ciki ta ci, in ci gaba da maganin ƙarin jini, amma idan mabiyiya ce ba ta isarwa, cika ciki da abinci ba ya gyara ta, kwanciya a gado yini guda ma ba a ga tana ƙara wa yaro girma ba. Ayyukan da ta ba ni kaɗan ne. In riƙa kwanciya a gefe idan zan yi barci, domin daga mako 28 kwanciya rigingine tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. In san yanayin motsin ɗana, lokutan da ya saba tashi da ƙarfin da ya saba yi, kuma kada in saurari masu cewa yaro yana rage motsi idan haihuwa ta matso, domin ba haka ba ne. Idan motsi ya ragu, ko na ga jini ko ruwa, ko na ji ciwon kai mai tsanani, ko idona ya riƙa ganin dishi-dishi, ko fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, to in taho asibiti a wannan lokaci, kada in jira gari ya waye.

Sau ɗaya na yi amfani da wannan izini. Wani dare a mako na 34 na lura tun la'asar ban ji shi yadda na saba ba. Na kwanta a gefen hagu na natsu ina saurare, ya ɗan motsa sau biyu a raunane ya yi shiru. Na tashi maigidana muka tafi. Aka ɗaura mini na'urar da ke bin bugun zuciyar yaro tana zana shi a takarda, ba a yi minti goma ba ya farka ya dinga harbin bel ɗin kamar an tsokane shi. Kunya ta kama ni na fara ba ungozomar haƙuri, ta ce, "Haba Hajiya, gara ki zo sau goma mu ce ki koma gida, da ki ƙi zuwa sau ɗaya."

A mako na 35 aka maimaita sikanin. Nauyi ya kai giram 2,170, wato ya ƙara 570 cikin mako uku, lambar kuma ta koma 11. Na shiga ofishin likitar da fara'a ina cewa mun haye layi. Ta yi dariya ta ce tsakanin 9 da 11 babu wani bambanci da na'ura za ta iya rantsuwa a kai, kamar yadda ba za ta tsorata ba da ta ga 8. Abin da ya faranta mata rai shi ne yaron yana bin layinsa bai sauka daga kai ba, gudun jini yana nan daidai, ruwa bai ragu ba. Zagayen cikinsa har yanzu yana ƙasa da na goma, don haka ba ta sallame ni daga sa ido ba. Na lura cewa ni ma na sauya yadda nake karanta takardar. A karon farko idona kan nauyi ya fara sauka, a wannan karon kuwa sakamakon Dofla na fara nema, sannan ruwa, sannan na ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa na kwatanta.

Yau cikina yana da mako 36 da kwana biyu. Damuwar ba ta tafi ba, takan zo da daddare ta zauna a bakin gado, sai dai yanzu na san abin da zan tambaye ta: ya motsa yau kamar jiya? Idan amsar e ce, sai in juya gefe in nemi barci. Akwai wani sikanin a mako na 37. Likitar ta ce idan komai ya ci gaba a haka, ba za ta bari cikin ya wuce mako 39 ba, idan kuma nauyin ya faɗo ƙasa da na uku a jeri ko gudun jini ya sauya, za a yi maganar haihuwa tun kafin nan, domin akwai lokacin da ƙaramin yaro ya fi samun abin da yake buƙata a waje fiye da a ciki. Na tambaye ta ko nauyin da za a gani a sikeli ranar haihuwa zai yi daidai da na takarda, ta ce in sha Allahu za mu gani tare, ita ma takan so ta san da nawa na'urar ta kauce.

Jiya na zazzage jakar haihuwa na sake shirya ta. Na fitar da rigunan da na saya tun cikin yana wata biyar, waɗanda yanzu na san za su yi masa yawa, na nemo 'yan ƙananan da yayarsa ta sa a makonta na farko, na wanke su na ninke. Takardun sikanin guda uku na sa su a aljihun gaba tare da katin awo, na mako 11 a sama, tunda shi ake fara tambaya.